Yadda Ake Gano Ma'anar Kalmar Turanci, Sananniya ko Baƙuwa

Yawancin masu karatun Turanci sun fi jin tsoron doguwar kalma mai gaɓa biyar ko shida, irin wadda ake gani a takardar likita ko ta lauya. Amma ba ita ce ta fi ɓarna ba. Doguwar kalma tana tsayar da kai, ka san ba ka san ta ba, sai ka nemi ƙamus. Wadda ke kayar da mutum ita ce 'yar gajeruwar da ya haddace tun yana firamare, ya ɗauka ya gama da ita, alhali ma'ana ɗaya kawai ya riƙe. A bugu na biyu na babban ƙamus na Oxford, wanda ya fito a 1989 cikin juzu'i 20, aikatau *set* kaɗai yana da ma'anoni 430. Da aka sake bitar *run* daga baya, an lissafa masa 645.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Wanda aka koya wa cewa "ci" na nufin sa abinci a baki, yaya zai yi da cin jarrabawa, cin amana, cin bashi, cin kasuwa da cin fuska? Haka Turanci yake da nasa kalmomin. Saboda haka aikin ba haddar ma'ana ba ne, gano wacce ma'ana ake nufi a wannan wuri ne. Ga yadda ake bin sa.

Mataki na farko: kada ka cire kalmar daga inda ka same ta

Kafin ka taɓa ƙamus ko waya, karanta jimlar har ƙarshe, ka haɗa da wadda ta gabace ta da wadda ta biyo baya. Sannan ka tambayi kanka: a wane fage ake magana? Kotu, asibiti, banki, majalisa, ko filin ƙwallo? Amsar wannan tambaya tana rage rabin aiki. *Sentence* a ajin nahawu jimla ce, a kotu hukunci ne. *Interest* a hira sha'awa ce, a banki kuɗin ruwa ne. *Bill* a majalisa ƙudirin doka ne, a gida takardar kuɗin wuta ce, a jikin tsuntsu baki ne. *Charge* na iya zama cajin waya, kuɗin da aka nema a kan aiki, tuhumar da ake wa mutum, ko afkawa abokan gaba. *Positive* a bakin mutane abu ne mai kyau, amma a sakamakon gwajin jini yana nufin an sami abin da ake nema, wato cutar tana nan. Akwai masu ganin wannan kalma a takardar asibiti su yi murna, kuma wannan kuskure ne mai tsada.

Mataki na biyu: gano aikin da take yi a jimla

Kalma ɗaya a Turanci tana iya zama suna nan, aikatau can, sifa a wani wuri, ba tare da harafi ɗaya ya canza ba. Maƙwabtanta ne ke tona ta. Idan *a*, *an* ko *the* ya zo gabanta, suna ce, ko kuma sifa ce da suna ke biye da ita. Idan *to*, *will*, *can* ko *must* ne a gabanta, mafi yawa aikatau ce.

Ɗauki *fast*. A *she runs fast* bayanau ce, wato kalma mai bayyana yadda aka yi aiki, da sauri. A *they will fast tomorrow* aikatau ce, azumi. A *he broke his fast* suna ce, ya sha ruwa. A *fast asleep* barci ne mai nauyi, a *fast colour* kuwa launi ne da ba ya zuba. Wanda bai fara tantance ajin kalmar ba zai buɗe ƙamus ya ɗauki ma'anar farko da idonsa ya faɗa kai.

A nan akwai tarko biyu. Na ɗaya, ba duk kalma mai ƙarewa da *-ly* ce bayanau ba: *friendly*, *costly* da *lovely* sifofi ne. Na biyu, wanda ya fi muni, ƙara *-ly* wani lokaci yana juya ma'ana gaba ɗaya. *He works hard* yana aiki tuƙuru. *He hardly works* da ƙyar yake taɓa aiki. *Late* makara ce, *lately* kwanan nan. Haka ma *a few* da *few*: na farko yana cewa akwai wasu kaɗan, na biyu yana kukan cewa kusan babu.

Wasu kuma rubutunsu ɗaya ne, furuci ne ya raba su, kamar yadda muke raba garin da ake zama da garin tuwo. *Refuse* idan aka danna gaɓar farko shara ce, idan aka danna ta biyu ƙin yarda ne. *Desert* hamada ce ko kuma gudu a bar wani. *Minute* minti ne, amma idan aka furta shi kamar "mainyut" yana nufin ɗan mitsitsi. Ƙamus mai kyau yana sa 'yar alama a sama, daf da gaɓar da ake dannawa, kuma yana raba irin waɗannan kalmomi gida-gida.

Mataki na uku: mayar da ita asalin siffarta

Ƙamus na takarda yana jera kalmomi ne da siffarsu ta asali, don haka sai ka cire *-s*, *-ed* ko *-ing* tukuna. Ka lura da ninkin harafi: *hopping* daga *hop* yake, tsalle, amma *hoping* daga *hope*, fata. *Tried* ya koma *try*.

Wahalar tana wurin aikatau marasa bin ƙa'ida. *Sought* daga *seek* yake, *bore* daga *bear*, *struck* daga *strike*. Wasu ma sun yi kama da wata kalma dabam: *ground* na iya zama ƙasa ko shuɗaɗɗen lokacin *grind*, niƙa, *found* na iya zama ya samu ko kuma kafawa, *left* hagu ne ko ya tafi, *wound* rauni ne ko ya naɗe. Ƙamusoshin masu koyo yawanci suna da jerin waɗannan aikatau a shafukan baya, kuma ya cancanci a zauna a karance shi.

Wani abu da malamai ba su cika jaddadawa ba shi ne jam'in da ke sauya ma'ana. *Arm* hannu, *arms* makamai. *Good* mai kyau, *goods* kaya. *Custom* al'ada, *customs* kwastan. *Damage* ɓarna, *damages* diyyar da kotu ta ce a biya. *Minutes* a ofis rubutaccen bayanin abin da aka tattauna a taro ne. *Premises* harabar gini ce. Idan ka ga *-s* a wurin da jam'i bai dace ba, duba can ƙasan bayanin kalmar, galibi an ware mata lamba tata.

Mataki na huɗu: duba ko kalmar tana da abokiyar tafiya

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi haifar da mummunar fassara. Turanci yana ɗaukar aikatau mai sauƙi ya liƙa masa wata 'yar kalma irin su *up*, *off*, *out*, *in*, *down*, sai su biyun su haifi ma'anar da ba ta cikin ko ɗaya daga cikinsu. *Give* bayarwa ce, amma *give up* haƙura da abu ne, *give in* miƙa wuya. *Put off* ɗage lokaci, *put out* kashe wuta, *put up with* jure wa abu. *Call off* janyewa ko sokewa, shi ya sa kake ganin sa duk lokacin da ƙungiya ta janye yajin aiki. *Turn down* ƙin karɓar tayi, *turn up* bayyana a wuri. *Look after* kula da, *look into* bincika, *look down on* raina, *look up to* girmama.

Abin da ke sa a rasa su shi ne sukan rabu. A *they called the meeting off*, kalmomi biyu sun shiga tsakanin *called* da *off*. Don haka duk lokacin da ka ga aikatau mai sauƙi kuma ma'anarsa ba ta zauna ba, bi jimlar gaba ka nemi 'yar ƙaramar kalmar da ta rage ba ta da aikin yi. A ƙamus, ana jera waɗannan ne a ƙarshen bayanin aikatau ɗin, bayan an gama ma'anoninsa masu lamba.

Haka salon magana yake. Alamarsa ita ce idan ka fassara kalma bayan kalma sai ka sami shirme. *White elephant* a labarin kwangila ba farar giwa ba ce, aiki ne da ya lashe kuɗi ba ya amfanar kowa. *Red tape* jan ƙafa ne da yawan cike-ciken takardu a ofis. *Landslide victory* nasara ce da gagarumin rinjaye. A neme su ƙarƙashin suna ko aikatau na farko da ke cikinsu. Idan ba a nan suke ba, ƙamus zai nuna inda za a je.

Mataki na biyar: zaɓi ƙamus da ya dace, ka karanta shi yadda ya kamata

Ƙamus iri uku ne ke da amfani a nan, kowanne da gurbinsa. Na Turanci zuwa Hausa, irin wanda Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, yana ba ka kalmar Hausa da sauri, kuma shi ne ya fi taimakon mai fassara. Na G. P. Bargery na 1934 taska ce ta Hausa, amma ƙarfinsa yana wajen Hausa zuwa Turanci, kuma ba za ka sami kalmomin zamani a ciki ba. Raunin kowane ƙamus mai harshe biyu shi ne yakan ba da kalma ɗaya ko biyu inda ake buƙatar bayani.

Na biyu shi ne ƙamus na masu koyo, Turanci zuwa Turanci, kuma a ganinmu shi ya kamata ya zama na yau da kullum. Akwai na Oxford da A. S. Hornby ya assasa, wanda kamfanin Oxford ya fara bugawa a 1948. Akwai na Longman da ya fito a 1978, wanda ke yin duk bayanansa da kalmomi masu sauƙi kimanin 2,000, don kada ka nemi kalma ɗaya ka ci karo da baƙi uku. Akwai Collins COBUILD na 1987 da ke bayani da cikakkiyar jimla. Duk suna da shafuka a intanet, da murya da za ka danna ka ji furuci.

Na uku shi ne manya, irin su babban na Oxford da Merriam-Webster na Amurka. Su ake nufa idan kalma ta yi wuyar da ƙanana ba su ɗauke ta ba. Sai dai a san wani abu: babban na Oxford yana jera ma'anoni ne bisa tarihi, mafi tsufa a farko. Idan ka nemi *nice* a can, ma'anar da za ka fara gani ita ce wawa ko sakarai, domin abin da take nufi ke nan ƙarnuka da suka wuce. Na masu koyo kuwa yana farawa da wadda aka fi amfani da ita yau.

Idan ka buɗe, je kai tsaye ga ajin kalmar da ka gano a mataki na biyu. Karanta duk ma'anonin masu lamba har ƙarshe, kada ka tsaya a ta ɗaya. Ka fi mai da hankali ga jimlolin misali, ka nemi wadda ƙirarta ta yi kama da taka. Harafin C yana nufin sunan da ake ƙirgawa, U wanda ba a ƙirgawa, kuma bambancin yana taɓa ma'ana: *paper* takarda ce, *a paper* jarida ko maƙala, *room* sarari, *a room* ɗaki. Harafin T yana nuna aikatau mai buƙatar karɓau, I wanda ba ya buƙata: *run* shi kaɗai gudu, *run a school* tafiyar da makaranta. *Sb* da *sth* taƙaitawar wani mutum da wani abu ne.

Kada ka tsallake lakabin da ake sa wa ma'ana. *Formal* na takardun hukuma ne, *informal* na hira, *slang* maganar 'yan zamani, *old-fashioned* ta tsufa, *offensive* zagi ne ko cin fuska, *disapproving* yana ɗauke da suka. *Famous* da *notorious* duk shahara ce, amma na biyun shahara ce da mugun abu. *Childlike* yabo ne, *childish* zargin yarinta ne. Wanda ya rubuta wa shugabansa wasiƙa ya kira shi *notorious* da niyyar yabo ya jawo wa kansa magana.

Manhajar fassara ma tana da amfani, kuma Google Translate ya sa Hausa tun 2013. Ƙa'idarta ita ce a ba ta cikakkiyar jimla, ba kalma tilo ba, domin idan ka ba ta *fine* kaɗai ba ta da hanyar sanin tara kake nufi ko lafiya lau. Kuma a takardar magani, yarjejeniya ko takardar kotu, kada a dogara da ita ba tare da an tabbatar a ƙamus ba.

Mataki na shida: feɗe doguwar kalma

Babban kaso na dogayen kalmomin Turanci daga Latin da Girkanci suka fito, da yawansu ta hanyar Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Amfanin wannan a gare ka shi ne an gina su ne da sassa masu maimaituwa: ɗafa-goshi a farkon kalma, saiwa a tsakiya da ɗafa-ƙeya a ƙarshe. Ka fara daga ƙeya, domin ita ke gaya maka ajin kalma. *-tion*, *-ment*, *-ness* da *-ity* suna ne. *-Ous*, *-ive*, *-able* da *-ful* sifa. *-Ise* da *-ify* aikatau. Daga nan ka dawo goshi, sannan ka duba abin da ya rage a tsakiya.

Gwada da *unprecedented*. *Un-* korewa, *pre-* kafin, *ced* tafiya: abin da babu wanda ya gabace shi, wato ba a taɓa ganin irinsa ba. *Bicameral*: *bi-* biyu, *camera* ɗaki, majalisa mai zaure biyu, kamar ta Dattawa da ta Wakilai. *Defenestration*, wadda mutane ke son kawowa a matsayin misalin kalma mai ban mamaki: *de-* daga, *fenestra* taga, wato jefo mutum ta taga, kuma ta shahara ne saboda abin da ya faru a birnin Prague a 1618, lokacin da aka jefo wakilan sarki daga tagar fada.

A harkar lafiya ne wannan dabara ta fi biya. *-itis* kumburi ne, *-ectomy* yanke wani sashe a fitar, *-ology* ilimin abu, *-cide* kisa. *Gastr* tumbi, *enter* hanji, *hepat* hanta, *cardi* zuciya, *nephr* ƙoda, *derm* fata. Da waɗannan kaɗai ka karanta *hepatitis*, *gastroenteritis*, *nephrectomy* da *cardiology*. Akwai tagwaye uku da dole a bambance. *Hyper-* ya yi yawa, *hypo-* ya yi ƙasa: *hypertension* hawan jini, *hypotension* faɗuwarsa, kuma ga mai ciwon suga rikita *hyperglycaemia* da *hypoglycaemia* na iya zama haɗari ga rai. *Ante-* kafin, *anti-* kishiya: *antenatal* awon ciki ne kafin haihuwa. *Inter-* tsakanin abubuwa, *intra-* cikin abu ɗaya: *intravenous* ta cikin jijiya.

Feɗewa hasashe take bayarwa, ba hukunci ba, kuma ga wuraren da take yaudara. *Inflammable* da ake rubutawa a jikin tankar mai ba ya nufin ba ya kamawa da wuta. Daidai yake da *flammable*, yana kamawa nan take. *Invaluable* da *priceless* duk suna nufin abu mai darajar da ta wuce a yi mata kuɗi, kishiyarsu ita ce *worthless*. *Infamous* ba wanda ba a sani ba ne, wanda ya yi ƙaurin suna ne. *Disinterested* shi ne wanda ba shi da wata riba a cikin al'amari, don haka zai yi adalci. Wanda abin bai dame shi ba *uninterested* ne. *Biweekly* kuwa su kansu masu harshen ba su daidaita a kai ba, yana iya zama sau biyu a mako ko sau ɗaya a mako biyu, saboda haka idan ka gan shi a batun albashi ko magani, tambaya za ka yi.

Wasu ba sa feɗuwa sam, domin daga sunan mutum suka fito. *Boycott*, ƙaurace wa abu, sunan Charles Boycott ne, wakilin mai gonaki da manoman Ireland suka ƙaurace wa a 1880. *Gerrymander*, yanka mazaɓu ta yadda zai amfani jam'iyya ɗaya, ya samo asali daga Gwamna Elbridge Gerry na jihar Massachusetts ta Amurka a 1812. Kuma asali ba shi ne ma'anar yau ba. *Quarantine* daga kwana arba'in na Italiyanci yake, amma killacewar kwana goma sha huɗu ma sunanta ke nan. *September* daga bakwai yake a Latin, ga shi kuwa wata na tara ne.

Mataki na bakwai: Turancin wa kake karantawa?

Ingila da Amurka sun sha bamban a wurare masu muhimmanci. *To table a motion* a Ingila, da ma Najeriya, gabatar da ƙudiri ne; a Amurka jingine shi ne. *First floor* a Ingila hawa na farko ne a saman bene, a Amurka ƙasa ne. *Public school* a Ingila makarantar kuɗi ce ta masu hali, a Amurka ta gwamnati. Ƙamus yana nuna wannan da alamar BrE ga Ingila, da AmE ko NAmE ga Amurka.

*Impeach* ya cancanci a tsaya a kai. Mun saba fassara shi da tsigewa, amma a tsarin Amurka yana nufin Majalisar Wakilai ta tuhumi shugaba, sai Majalisar Dattawa ta yi shari'a. An yi wa Bill Clinton a 1998, an yi wa Donald Trump a 2019 da 2021, kuma ba wanda aka sauke ta wannan hanya. Mai fassara labarin Amurka da ya rubuta "an tsige" ya faɗi abin da bai faru ba. Haka *sanction*: a jam'i yawanci takunkumi ne, amma *the board sanctioned the payment* yana nufin sun amince a biya.

Turancin Najeriya ma yana da nasa. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Najeriya, har da *Kannywood*, *okada*, *next tomorrow* da *severally*. Wannan na ƙarshen a nan yana nufin sau da yawa, amma a yarjejeniyar lauyoyi ma'anarsa kowa a kan kansa. Ga 'yan Nijar da suka fara da Faransanci kuwa, tarkon shi ne kalmomi masu kama da juna: *library* ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba, *actually* a gaskiya ne, ba a halin yanzu ba, *attend* halarta ne, ba jira ba, *sensible* mai hankali ne, ba mai saurin jin abu a rai ba. Kalmomin da Hausa ta ara ma sun yi nasu tafiyar: *motor* a Turanci inji ne, *canteen* wurin cin abinci ne ba kanti ba, *barracks* kuma masaukin soja ne kawai, ba ya ɗauke da abin da muke nufi da ɗan bariki.

A haɗa matakan a jimla ɗaya

Ga irin jimlar da ake gani a jaridun Najeriya: *The court struck out the suit for want of jurisdiction.* Fagen kotu ne. *Struck* ya koma *strike*, amma ga *out* a gefensa, don haka ba duka ba ne, ba yajin aiki ba ne, *strike out* ne, soke abu daga jeri. *Suit* yana bayan *the*, suna ne, kuma a kotu ƙara ce, ba kwat ba. *Want* yana tsakanin *for* da *of*, don haka ba aikatau "so" ba ne, suna ne mai nufin rashi. *Jurisdiction* ta feɗu zuwa *juris* doka da *dict* faɗa, ikon yin magana da sunan doka, wato hurumi. Ma'ana ta fito: kotu ta kori ƙarar saboda ba ta da hurumin sauraronta. Cikin kalmomi huɗun da suka buƙaci aiki, uku 'yan firamare ne. Akwai kuma ƙarin abin lura: lauyoyi suna bambanta *struck out* da *dismissed*. A na farko galibi ana iya gyara kuskure a sake shigar da ƙarar, a na biyu yawanci an rufe maganar sai dai ɗaukaka ƙara. Hausa takan ce "kora" ga duka biyun, don haka mai fassara ya ƙara bayani.

Mataki na takwas: gwada, sannan ka adana

Ɗauki ma'anar da ka zaɓa ka sa ta a gurbin kalmar, ka sake karanta sakin layin gaba ɗaya. Idan ta zauna da jimlar amma ta yi karo da ta gaba, ba ita ba ce, koma ƙamus. Wannan gwaji shi ne ainihin abin da ake tambaya a jarrabawar WAEC da NECO, inda ake cewa a kawo kalmar da za ta maye gurbin wata kamar yadda aka yi amfani da ita a nassin. Ɗalibai sukan rasa maki ne ko da sun gane ma'ana, saboda sun ba da suna a gurbin aikatau, ko sun bar lokacin aikatau bai dace ba. Idan kalmar *halted* ce, amsar *stopped* ce, ba *stop* ba.

Wajen adanawa, jerin kalma da fassararta guda ɗaya ba ya daɗewa a kai. Ga kowace kalma rubuta abu biyar: jimlar da ka same ta a ciki, ajinta, ma'anarta a wannan wuri da Hausarka, kalmomin da take tafiya da su, da jimla ɗaya taka ta kanka. Abokan tafiyar suna da muhimmanci, domin ana cewa *heavy rain* ba *strong rain* ba, *commit a crime* ba *do a crime* ba, *take medicine* ba *drink medicine* ba. Kalma biyar zuwa goma a rana sun isa. Bita washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata, kana rufe ma'anar da hannu kana ƙoƙarin tunowa kafin ka duba.

Ba kowace baƙuwar kalma ce ta cancanci shiga littafin ba. *Petrichor*, ƙamshin da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka bayan rani, wadda wasu masana kimiyya biyu na Ostireliya suka ƙirƙira a 1964, tana da daɗin sani, amma kana iya shekara ba ka sake haɗuwa da ita ba. Kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su suna ɗaukar kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum, shi ya sa ma'ana ta uku da ta huɗu ta *charge* ko *issue* ta fi maka amfani. Shafukan Oxford da Longman suna sa alama a kan kalmomin da suka fi yawo, sai ka fifita su. Masu binciken koyon harshe, irin su Paul Nation, sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kalma 98 cikin 100 kafin ya fahimci rubutu ba tare da taimako ba. Don haka ƙirga kalma ɗari a shafin da kake son karantawa: idan baƙin ba su wuce biyu ko uku ba, ci gaba, kana hasashe daga jimla kana duba ƙamus a ƙarshen shafi, idan sun haura goma, ajiye shi tukuna ka nemi wani mai sauƙi a kan maudu'i ɗaya.